Ma'anar "Mai Ɗauke da Ƙwayar Cuta": Lafiyayyen da Taifot Ke Zaune a Cikinsa

Idan likita ya ce mutum yana ɗauke da ƙwayar cuta, ba lallai ne yana nufin mutumin yana jinya ba. Abin da yake nufi shi ne ƙwayar ta samu mazauni a jikinsa, tana rayuwa, tana hayayyafa, tana kuma fita zuwa ga wasu, alhali shi ba zazzaɓi ba ciwon ciki, yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa kamar kowa. Maganar ta shiga bakin jama'a a lokacin korona, amma cutar da ta fi fito da ma'anarta fili, tun fiye da shekara ɗari da suka wuce, ita ce taifot.

Bakteriyar da ke haddasa taifot, wadda masana ke kira Salmonella Typhi, tana da wata ɗabi'a da ta raba ta da yawancin danginta, wato ba ta da wani masauki a cikin halittu sai ɗan Adam. Ba ta zama a cikin kaji ko shanu, kuma ba sauro ke ɗaukar ta ba. Hanyarta guda ce: ta fita ta bayan gidan wani, wani lokaci ta fitsarinsa, ta shiga ruwa ko abinci, ta koma bakin wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 9 ne suka kamu da cutar, kimanin 110,000 kuma suka mutu. To, idan ƙwayar ba ta da mafaka sai mutum, ina take fakewa bayan an sallami majinyata kuma ɓarkewar ta lafa? Tana fakewa ne a cikin waɗanda suka miƙe suka koma harkokinsu.

Mafakar tata ita ce matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya, wato ƙaramar jakar nan da ke manne a ƙarƙashin hanta tana tara ruwa mai ɗaci da ke taimakawa wajen narkar da maiƙo. Yawancin waɗanda suka warke jikinsu yakan gama korar ƙwayar cikin 'yan makonni ko 'yan watanni. Amma tsakanin mutum 2 zuwa 5 cikin kowane 100 sukan ci gaba da fitar da ita fiye da shekara guda, wasu ma har ƙarshen rayuwarsu, kuma su ne ake kira masu ɗauke da ita na dindindin. Abin ya fi samun mata, da masu manyan shekaru, da waɗanda ke da tsakuwa a matsarmama, domin ƙwayoyin sukan liƙe a jikin tsakuwar su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke shan wahalar ratsawa. Daga nan, duk lokacin da ruwan matsarmamar ya kwarara zuwa hanji sai ya tafi da wasu daga cikinsu. A yankunan da tsargiya ta yi yawa kuwa, kamar garuruwanmu na bakin koguna da madatsun ruwa, ƙwayar takan samu wata maɓoyar a hanyar fitsari. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ɗauke da ita na dindindin ba su san sun taɓa yin taifot ba.

Labarin da ya fi shahara a wannan fage shi ne na Mary Mallon, 'yar asalin ƙasar Ailan da ke aikin girki a gidajen masu hali a birnin New York na Amurka. A 1906 mutum shida cikin goma sha ɗaya na wani gida da ta yi wa girki suka kwanta da taifot, sai wani injiniyan tsafta mai suna George Soper ya bi sawun gidajen da ta yi aiki a baya, ya tarar cutar tana bin ta kusan duk inda ta sauka. An tsare ta a wani tsibiri daga 1907 zuwa 1910, aka sake ta bisa alkawarin ba za ta koma girki ba, amma a 1915 aka same ta tana girki da wani suna a asibitin haihuwa inda mutum 25 suka kamu. Daga nan aka mayar da ita tsibirin, ta ci gaba da zama a tsare har ta rasu a 1938. Ta daɗe tana musanta cewa ita ce ke yaɗa cutar, kuma a ganina musun nata bai zama abin mamaki ba, domin da wuya a gamsar da mace mai ƙoshin lafiya, wadda girki ne kaɗai abin dogaronta, cewa hannunta ne ke kwantar da mutane. An yi mata tsananin da ba a yi wa sauran masu ɗauke da ƙwayar da aka gano a zamaninta ba.

A zamanin Mary babu maganin taifot. Yau akwai, sai dai yana suɓucewa daga hannu, kuma nan ne kalma ta biyu ke shigowa, wato bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. Mutane da yawa sukan ce "jikina ya saba da maganin nan, ba ya yi mini aiki," amma ba jikin ne ya saba ba. Ƙwayar ce ta sauya, ta samu dabarar lalata maganin, ko fitar da shi daga cikinta, ko sauya wurin da yake kamawa. Bambancin yana da muhimmanci, domin ƙwayar da ta bijire a cikin wani takan shiga yaron da bai taɓa haɗiyar kafso ko ɗaya ba, kuma maganin ya ƙi yi masa aiki shi ma.

An fara warkar da taifot da kuloramfenikol a 1948, kuma mace-mace suka ragu ƙwarai. A 1972 aka samu babbar ɓarkewa a Meziko da maganin ya gaza. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 an samu nau'in da ya bijire wa magunguna uku a haɗe, kuloramfenikol da amfisilin da wanda muka fi sani da Septrin, ya bazu daga kudancin Asiya har gabashin Afirka. Aka koma ga sifrofuloksasin, shi ma ƙarfinsa ya ragu. A 2016 kuma, a birnin Haidarabad na lardin Sindh a Pakistan, wani nau'i ya ɓulla da ya ƙi dukkan waɗannan har da allurar seftiriyakzon, ya bar azitromaisin kaɗai cikin magungunan sha, sai wasu allurai masu tsada da ba a yin su sai a gadon asibiti.

Yadda nau'in na Pakistan ya samu wannan ƙarfi shi ne ya haɗa kalmomin biyu wuri guda. Hanjin kowane lafiyayye cike yake da bakteriya masu ɗimbin yawa, mafi yawansu marasa cutarwa, kuma suna iya miƙa wa juna wasu ƙananan zobba na ƙwayar halitta, waɗanda ake kira filasmid, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Masanan da suka binciki nau'in sun nuna cewa mai yiwuwa ya karɓi zoben bijirewar ne daga bakteriyar hanji irin E. coli. Hanji ke nan ya zama kamar kasuwa da ake musayar makami. Duk lokacin da mutum ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa buƙata ba, ko ya yanke shi a tsakiya don ya ji sauƙi, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su gaji filin. Mai ɗauke da taifot na dindindin kuwa ya zama rumbun da ke adana irin wannan ƙwaya na shekaru, kuma raba shi da ita ba wasa ba ne, domin yakan buƙaci magani na kimanin kwana 28 ƙarƙashin kulawar likita, wani lokaci har da tiyatar cire matsarmamar.

A nan ne al'adarmu ta "maleriya da taifot" ke damuna. Mutum zai ji zazzaɓi, a yi masa gwajin Widal, a ce taifot ɗinsa ya kai kaza, ya wuce kemis ya sayi kafso na kwana uku. Wannan gwaji, wanda aka ƙirƙira tun 1896, ba ƙwayar yake gani ba, martanin jini yake aunawa, kuma yakan hau saboda tsohon kamu, ko maleriya, ko wata bakteriyar dabam. Saboda haka dubban mutane suna shan maganin cutar da ba su da ita, suna horar da ƙwayoyin hanjinsu, yayin da yaron da ke da taifot na gaske yakan makara har cutar ta huda masa hanji. Gwajin da ke tabbatar da taifot shi ne a shuka jini a ɗakin bincike a ga ko ƙwayar za ta tsiro, sannan a gwada wane magani ne ke kashe ta. Mai ɗauke da ita kuwa bayan gidansa ake shukawa, kuma sau da yawa, domin ba kullum yake fitar da ita ba.

Gano kowane mai ɗauke da ƙwayar a cikin gari abu ne da ba zai yiwu ba, shi ya sa hankali ke komawa ga toshe hanyar da take bi. Mai damun fura, da mai haɗa zoɓo da ƙanƙara, da mai girkin makarantar kwana, wanke hannu da sabulu bayan kewaya ya fi zama wajibi a kansu ko da lafiyarsu ƙalau, haka kuma nisanta rijiya daga masai da tafasa ruwan da ba a amince da shi ba. Akwai kuma sabuwar allurar rigakafi da ake yi sau ɗaya, tun daga jariri ɗan wata shida. Pakistan ce ta fara saka ta cikin rigakafin yara na yau da kullum a 2019, sannan Laberiya da Zimbabuwe suka biyo baya a 2021, Malawi kuma a 2023.