Ƙungiyar masu kiwon tantabarun ƙawa da dokar rajista: abin da takardar CAC take bayarwa da abin da take hanawa

Kiwon tantabara tsohon abu ne a birnin Kano, domin da wuya a zagaya unguwa a Dala, Gwale ko Fagge ba a ga ɗakin tantabaru a kan soro ko a kusurwar tsakar gida ba. Abin da ya sauya shi ne shigowar tantabarun ƙawa, irin masu baza wutsiya kamar ta dawisu da masu kumbura maƙoshi da masu gashi har ƙafa, waɗanda ba don 'yan shila ake kiwonsu ba, don kyan gani ne da gasa. Da zarar masu irin wannan kiwo suka fara haɗa kuɗi suna sayo buhunan gero da dawa daga Dawanau, suna kama fili don baje koli, suna sayen keji da kofunan kyauta, to an kai matakin da zumunci kaɗai ba zai riƙe amana ba, kuma a nan ne maganar rajista take tasowa.

Ya kamata a fara da cewa rajista ba sharaɗin kafa ƙungiya ba ce. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowane mutum 'yancin haɗuwa da wasu don kare muradunsa, saboda haka mutum ashirin da suke zama ranar Lahadi suna duba tantabarun juna ba su karya wata doka ba. Matsalar ita ce, a idon shari'a irin wannan taro ba shi da jiki na kansa. Kuɗin ƙungiya yana asusun ma'aji ne da sunansa, kejin baje koli yana gidan shugaba, idan kuwa aka wayi gari ma'ajin ya rasu, magada suna iya ɗaukar kuɗin a matsayin dukiyar mahaifinsu, sai 'yan ƙungiya su koma neman shaidu.

Dokar da ta shafi wannan ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan shekarar. Sashe na 823 ya ba ƙungiyar da aka kafa don addini, ilimi, al'ada, wasanni, zamantakewa ko taimako damar naɗa amintattu biyu ko fiye, su nemi Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta yi musu rajista. Ƙungiyar masu tantabaru tana iya shiga ta ƙofar zamantakewa ko ta wasanni. Idan takarda ta fito, amintattun sun zama hukuma guda mai suna, wadda za ta iya mallakar fili, ta buɗe asusu a banki, ta kai ƙara ko a kai ta, kuma ba ta mutuwa don wani amintacce ya mutu.

Ba kowa ake naɗawa amintacce ba. Sashe na 826 ya cire wanda bai kai shekarun girma ba, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda aka ayyana ya karye bai fita daga bashi ba, da wanda aka yanke wa hukunci kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar kafin naɗin. Sharaɗi na farko yana da muhimmanci a wannan harka, domin sau da yawa wanda ya fi kowa sanin tantabara a unguwa yaro ne ɗan sakandare. Sunansa ba zai hau takardar amintattu ba, komai gwanintarsa wajen haɗa jinsi. Bayan an miƙa suna da manufofi da kundin tsarin ƙungiya, sai a buga sanarwa a jaridu biyu masu fitowa kullum, ɗaya daga cikinsu ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai kawo suka.

Inda aka fi samun rashin fahimta shi ne sashe na 838, kuma a ganina shi ne ya kamata a karanta wa kowa a taro kafin a biya lauya ko sisi. Sashen ya ce kuɗi da dukiyar ƙungiya ba za a kashe su ba sai a kan manufofin da aka rubuta, kuma ba za a raba wa 'yan ƙungiya komai daga ciki da sunan riba ba, kai tsaye ko a kaikaice. A ɗauka an yi baje koli, an karɓi kuɗin shiga a ƙofa, an biya mai rumfa da masu gadi, kuɗi ya ragu. Al'adar da aka saba ita ce a ce kowa ya sha wahala, a raba a ga albarkar taro. Bayan rajista wannan ƙofa ta rufe: ragowar sai ta koma asusu, a sayi zoben shaida da ake sa wa tantabaru a ƙafa na shekara mai zuwa, ko a ɗauko likitan dabbobi ya duba tsuntsaye kafin su shiga fili. An yarda a biya ma'aikaci ladan aikinsa gwargwadon hankali, amma 'yan majalisar gudanarwa ba su da albashi, sai dai a mayar musu da abin da suka kashe daga aljihunsu, kamar kuɗin motar da ta ɗauko keji, ko a biya su kuɗin hayar wurin da suka ba ƙungiya ko ladan wani aiki da suka yi mata, gwargwadon hankali. Wanda ya karɓa da gangan ta hanyar da ta saɓa, doka ta ce ya mayar.

Wannan bai hana kowa cinikinsa ba. Tantabarun da mutum ya kiwata a gidansa nasa ne, idan ya sayar da ma'aurata biyu a filin baje koli kuɗin nasa ne, ƙungiya ba ta da komai a ciki sai abin da aka amince na rumfa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi amfani da takardar ƙungiya a matsayin shagon haɗin gwiwa. Waɗanda niyyarsu ita ce su shigo da tsuntsaye su sayar su raba riba, rajistar sunan kasuwanci ko ta kamfani ce ta dace da su, kuma duk a hukuma ɗaya ake yi.

Saboda haka kundin tsarin ƙungiya ba takardar cika sharaɗi ba ce da za a kwafo daga wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Doka ta nemi ya bayyana yadda ake naɗa amintattu da cire su, da yadda ake kiran taro, da yadda ake tara kuɗi da kashe su da binciken asusu. Masu tantabaru kuwa suna da nasu rigingimun da ya dace su ƙara: wa ke zaɓen alƙalin gasa, ko alƙali zai iya shigar da tsuntsunsa, me za a yi idan tantabara ta mutu ko ta ɓata a hannun masu tsaron fili, da yadda za a keɓe wadda ta zo da alamar ciwo. Batun kyauta ma a rubuta daga ina kuɗinta zai fito, a kuma ji ta bakin malamai, domin a Kano kyautar da aka haɗa daga kuɗin masu gasa kaɗai ba ta rasa mai tambaya ko ba ta yi kama da caca ba.

Bayan rajista akwai rahoton shekara da ake miƙa wa hukumar CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, ban da shekarar da aka yi rajistar, kuma sauya amintacce ma sai an sake buga sanarwa an nemi amincewarta. Idan kuma ƙungiya ta zo ƙarshe, sashe na 850 ya ce kotu ce ke rushe ta, a biya basussuka, abin da ya rage a miƙa wa wata ƙungiya mai irin manufarta. Kejin ƙarfen da kowa ya sa kuɗinsa aka ƙera, da kofunan da ba a kai ga rabawa ba, ba za su koma gidan waɗanda suka kafa ta ba.