Kiran matashin ɗan wasa daga G League zuwa NBA

A ƙwallon kwandon Amurka, kira na nufin wata ƙungiyar babbar gasar NBA ta ɗauko ɗan wasa daga ƙaramar gasar G League ta ba shi kwantiragi, ko kuma ta dawo da ɗan wasanta da ta tura can domin ya ƙara gogewa. A wurin matashi wannan babban labari ne, amma kiran kansa bai ba shi ko minti ɗaya a fili ba. Koci ne ke raba mintuna, kuma da yawa daga waɗanda ake kira suna gama wa'adinsu ne a zaman benci.

Asalin gasar

NBA ta kafa ƙaramar gasar a 2001 da ƙungiyoyi 8, dukkansu a kudu maso gabashin Amurka, da sunan NBDL. A 2005 aka mayar da ita D-League, sannan a 2017 ta koma G League bayan yarjejeniya da kamfanin lemon 'yan wasa na Gatorade. A kakar 2024-25 tana da ƙungiyoyi 31: kowace ƙungiyar NBA na da tata, sai Capitanes ta birnin Meziko da ke zaman kanta. Ɗan wasa na farko da aka kira daga gasar shi ne Chris Andersen, wanda Denver Nuggets ta ɗauka a watan Nuwamban 2001.

Hanyoyin hawa

Mafi yawan 'yan wasan G League kwantiraginsu da gasar yake, ba da wata ƙungiyar NBA ba. Saboda haka kowace ƙungiya na iya ɗaukar su, ko da suna wasa a ƙaramar ƙungiyar abokiyar hamayyarta. An fi ɗaukar irin waɗannan da kwantiragin kwana 10, wanda ake fara bayarwa daga 5 ga Janairu. Ƙungiya ɗaya ba za ta ba mutum ɗaya fiye da sau biyu a kaka ba; daga nan ko ta riƙe shi har ƙarshen kaka ko ta sallame shi. A kwana 10 da wuya a yi wasa fiye da biyar, kuma yana iya yiwuwa bai shiga ko ɗaya ba.

Hanya ta biyu ita ce kwantiragin gida biyu, da aka ƙirƙiro a 2017. Mai wannan kwantiragi mallakar ƙungiyar NBA ne, yana kai da komo tsakaninta da ƙaramar. Da farko guraben biyu ne ga kowace ƙungiya, aka ƙara zuwa uku a 2023. Ba a ba wanda ya daɗe a NBA, albashinsa rabin mafi ƙarancin albashin sabon shiga ne, wasannin da za a sa sunansa a NBA ba sa wuce 50 a kaka, kuma ba ya buga zagayen fitar da gwani sai an mayar da kwantiragin cikakke.

Akwai kuma matashin da ƙungiya ta ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekara-shekara, yana da cikakken kwantiragi, amma babu wurinsa a fili. Tun 2005 aka ba da damar tura irinsa ƙaramar gasar a dawo da shi, albashinsa bai canja ba. Idan ƙungiyoyin biyu na gari ɗaya, abin na iya zama a yini guda: a watan Afrilun 2007 Jordan Farmar ya buga wa Los Angeles D-Fenders da rana, da dare ya sa rigar Lakers.

Rabon mintuna

Wasan NBA minti 48 ne, mutum biyar a fili, wato minti 240 ke nan koci zai raba. Ƙungiya na da 'yan wasa har 15 masu cikakken kwantiragi, amma yawancin kociyoyi mutum 9 ko 10 suke juyawa, a zagayen fitar da gwani ma su rage. Idan taurari uku suka kwashe minti 35 kowanne, an tafi da 105 tun kafin a waiwayi sauran. Wanda aka kira jiya yana can ƙarshen layi.

Abin da ke wahalar da shi shi ne aikin da ya sa aka gan shi ba shi ake nema daga gare shi ba. A G League ƙwallo a hannunsa take, yana jefawa sau 20 a wasa, ya yi kuskure ya ci gaba. A NBA ana so ya tare abokin karawa, ya san inda zai tsaya a kowane tsari, ya jira a kusurwa ya jefa mai maki uku idan ta zo masa. Ya kuskure wurin tsayawa sau biyu a jere, aka ci su, zai ga an miƙe daga benci ana shirin canja shi. Sau da yawa rabonsa shi ne minti uku ko huɗu na ƙarshe, bayan an ba da ratar maki 25 kuma 'yan kallo sun fara ficewa. Irin waɗannan mintuna ba sa nuna komai sosai, ko da ya ci maki.

A nan ake samun gardama tsakanin magoya baya da koci. Magoya baya na kallon alƙaluman yaron a G League suna tambayar me ake jira. Koci kuwa aikinsa na rataye ne da nasarar yau, don haka ya fi yarda da tsohon hannu wanda ya san kurakuransa. Kowanne na da hujja, sai dai ƙungiyoyin da suka yi nisa a wannan fanni sun nuna cewa minti 30 a ƙaramar gasa ya fi wa matashi amfani a kan minti huɗu a babba. Abin da ya fi buɗe ƙofa shi ne raunin wani, ko cinikin 'yan wasa a watan Fabrairu, ko kuma ƙungiya ta fid da rai daga kakar ta saki yara su yi wasa.

Pascal Siakam

Labarin Siakam ɗan Kamaru, haifaffen Duwala, ya tafi ne a juye. Toronto Raptors ta ɗauke shi a matsayi na 27 a 2016, lokacin shugabancin Masai Ujiri wanda ya tashi a Zariya. Jared Sullinger da aka tanada wa gurbin ya ji rauni kafin a fara kaka, sai aka fara wasa da Siakam tun daren farko. Ya buga wasa 55, an fara da shi a 38, amma makinsa bai wuce 4.2 a wasa ba. Da ƙungiyar ta kawo Serge Ibaka a Fabrairun 2017, mintunansa suka ƙafe.

Aka tura shi Raptors 905 da ke Mississauga, kusa da Toronto, ƙarƙashin koci Jerry Stackhouse. A can ya samu abin da babbar ƙungiya ba za ta iya ba shi ba: ya riƙe ƙwallo, ya kutsa, ya gwada abin da bai iya ba tukuna. Suka ci kofin gasar a 2017 bayan doke Rio Grande Valley Vipers, shi ne gwarzon wasannin ƙarshe, kuma Fred VanVleet na cikin tawagar. Kaka ta gaba daga benci yake shiga, minti kusan 20 a wasa. A 2018-19 ya kai maki 16.9, aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba, ya zuba 32 a na farko cikin wasannin ƙarshe da Golden State Warriors, Raptors ta ɗauki kofin NBA na farko a tarihinta.

Wasu misalai

Jeremy Lin ya kusa rasa gurbinsa a New York Knicks. A Janairun 2012 aka tura shi Erie BayHawks, ya ci maki 28 a wasa ɗaya, aka dawo da shi, ya koma benci. Sai 4 ga Fabrairu koci Mike D'Antoni, wanda masu raba masa ƙwallo suka gaza, ya sa shi a wasa da New Jersey Nets. Ya ci 25. Kwana shida bayan haka ya ci 38 a kan Lakers. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, shi ya sa har yau ake ambatonsa.

Andre Ingram kuwa ya shafe kaka 10 a ƙaramar gasar kafin Lakers ta kira shi a Afrilun 2018, yana da shekara 32. Ya ci maki 19 a daren farko da Houston Rockets.

Gabe Vincent, wanda ya buga wa D'Tigers ta Nijeriya, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2018. Ya fara da Stockton Kings, Miami Heat ta ba shi kwantiragin gida biyu a Janairun 2020, ya shiga wasa 9 kacal a kakar. A Yulin 2021 ya ci maki 21 a wasan sada zumunta da Nijeriya ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas, kuma a wata na gaba Heat ta ba shi cikakken kwantiragi. A 2023 da shi aka riƙa fara wasannin ƙarshe na NBA da Denver Nuggets, daga nan ya koma Lakers a kan kwantiragin shekara uku na dala miliyan 33.