Ƙarfin gwiwar magidanta kan tattalin arziki a Maraɗi

Ƙarfin gwiwar magidanta kan tattalin arziki shi ne yadda maigida da uwargida suke hangen samunsu a watanni masu zuwa, da yadda hangen yake sa su saki hannu ko su tsuke bakin aljihu. A wasu ƙasashe ana auna shi ta hanyar yi wa jama'a tambayoyi wata-wata. A Maraɗi, cibiyar kasuwancin Nijar, an fi gane shi daga rumbu da bakin kasuwa.

Ma'auni na farko farashin tiyar hatsi ne. Da kaka, daga watan Oktoba, hatsi kan sauko, manomi ya sayar da wake da gyaɗa da aya, a biya bashin damina, a ɗaura auren da aka ɗage. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa rumbu ya yi ƙasa, mai sayen buhu ya koma awon tiya kullum, mai tiya ya koma rabi. A irin wannan lokaci ne OPVN, hukumar gwamnati mai kula da rumbunan abinci, kan fito da hatsi a farashi mai rahusa. Yunwar 2005 ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu, kuma abin da ya fi ciwo shi ne hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu.

Na biyu shi ne iyaka da canjin naira. Hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya da Katsina ita ke ciyar da dillalai, direbobi, 'yan dako da 'yan kabu-kabu. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa hawa da sauka take yi. In ta faɗi, kayan Najeriya su yi araha ga mai sefa, amma wanda ya kai dabbobi ko wake can, da ɗan cin rani, su dawo da kuɗi marasa auki. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sake toshe hanya, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, shinkafa ta yi tsada.

Ajiyar gida galibi a hannun mata take, kuma ba a cika ba su yabon da suka cancanta ba. Jar akuyar Maraɗi ita ce asusun mace a ƙauye: tana haihuwa, tana ba da nono, ana kai ta kasuwa ranar da ciwo ya tashi. Ga adashi, ga gudummawar biki da ake ramawa. A jihar nan ne ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke zuba kuɗi kowane mako a akwati ɗaya suna ba juna rance, tsarin da ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Idan gwiwa ta yi sanyi, nama ake fara ragewa a miya, sai ɗinkin salla, sai a haƙura da babban ragon layya. Bayan haka akuya ta tafi kasuwa. Jinginar da gona ita ce ta ƙarshe, kuma a jihar da jama'a suka yi yawa gonaki suka ƙanƙance, wanda ya jinginar ba kasafai yake samun fansa da wuri ba.