Kolestarol da Ciwon Zuciya a Matan da Suka Daina Haila Masu Hawan Jini

Galibin mata kan daina haila tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma daga wannan lokaci ne haɗarin ciwon zuciya yake fara hauhawa a jikinsu. Kafin nan, sinadarin estirojin da ƙwan mahaifa ke samarwa yana taimaka wa hanta wajen kwashe kolestarol mai cutarwa, wato nau'in kitsen da ake kira LDL, daga cikin jini, yana kuma sa jijiyoyin jini su kasance da laushi. Da zarar estirojin ya ragu, sai LDL ya ƙaru, shi kuwa HDL, wanda ke mayar da kitse zuwa hanta, ya rage ƙarfin aikinsa.

Matsalar ta fi tsanani ga mace mai hawan jini, wato wadda awonta ya kai 140/90 ko sama a bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙarfin bugun jini yana kuje bangon jijiya daga ciki, kitsen kuma ya sami wurin maƙalewa, ya taru shekara da shekaru har hanyar ta matse. Idan tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin, abin da kan biyo baya shi ne toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Macen da ta yi fama da hawan jini lokacin juna biyu, ko mai ciwon suga, ko wadda hailarta ta ɗauke kafin shekara 45, haɗarinta ya fi na sauran.

Yawan kolestarol ba shi da wata alama da mai shi zai ji, sai gwajin jini ne ke bayyana shi. Ko ciwon zuciyar kansa a mata yakan zo da ƙarancin numfashi, tashin zuciya, gajiya, ko ciwon baya da muƙamuƙi, abubuwan da cikin sauƙi ake ɗora wa tsufa ko gyambon ciki, kuma wannan kuskure yana jawo asarar rayuka.

An daɗe ana zaton maye gurbin estirojin da magani zai kare zuciya, sai dai a shekarar 2002 aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken Women's Health Initiative a Amurka, bayan an ga ƙaruwar ciwon zuciya da shanyewar jiki da sankarar mama a matan da ke shan estirojin haɗe da furojestin, wani maganin da ke kwaikwayon wani sinadarin jikin mace. Abin da likitoci suka dogara da shi yanzu shi ne magungunan rage kolestarol da ake kira sitatin, irin su atorvastatin, tare da na hawan jini. Ana kuma ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, da rage man shanu da manja da kitsen nama, da tsayar da gishiri ƙasa da giram 5 a rana, ciki har da wanda ke cikin dunƙulen miya.