Waiwaye: yadda yaƙi da hayaƙin dizal ya shafi shan mai

Injin dizal yana da wani hali mai wuyar sha'ani. Idan wuta ta yi zafi sosai a cikin silinda, mai yakan ƙone tas, mota ta yi ƙarfi, ta rage sha. To amma a wannan zafin ne naitirojin da oksijin na iska ke haɗuwa su zama gubar NOx mai cutar da huhu. In aka rage zafin, gubar ta ragu, sai baƙin hayaƙi ya ƙaru, mai kuma ya tafi a banza.

Lokacin da Turai ta kafa ƙa'idar taƙaita hayaƙin mota ta Euro 1 a 1992, Amurka ma tana ta matsa lamba, dabara mafi arha ita ce jinkirta lokacin da nozul ke fesa mai, don zafin wutar ya ragu. Ta yi aiki, sai dai mai mota ne ke ji a aljihunsa. Wasu kamfanoni suka bi ta bayan gida. A 1998 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta tuhumi kamfanoni bakwai, ciki har da Caterpillar da Cummins da Volvo, da saita kwamfutar injin ta bi doka a wurin gwaji, ta koma fesa mai da wuri da zarar an hau babbar hanya. Tarar ta haura dala miliyan 83.

Daga nan sai EGR, bawul ɗin da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin bayan an sanyaya shi, don ya dusashe wutar. Yana ƙara wa lagireto aiki, kunkunniya kuma ta cakuɗe da tururin man juye ta zama kamar kwalta, har bawul ɗin ya maƙale.

Matatar DPF mai kama kunkunniya a salansa, wadda ta zama dole ga manyan motocin Amurka a 2007 da ƙananan motocin Turai a 2009, tana cin mai ta fuska biyu. Tana tare numfashin salansa, sannan idan ta cika sai kwamfuta ta fesa ƙarin mai don zafi ya kai wajen digiri 600 ya ƙone abin da ya taru. Motar da ba ta fita daga cunkoson gari ba ta samun kammala wannan ƙonawa. Wani ɓangaren man yakan zurara cikin man juye, shi ya sa makanike ke zaro ma'auni ya ga man juye ya ƙaru maimakon ya ragu.

Sauƙi ya zo ne da SCR, tsarin tsabtace hayaƙi da sinadari, wajen 2010, domin ya fitar da yaƙin daga silinda zuwa salansa. Ana fesa ruwan AdBlue, wanda kashi 32.5 cikin ɗari yuriya ce, ya zama amoniya, ya mayar da NOx naitirojin da ruwa. Injin ya samu damar sake ƙona mai da zafi. Kamfanin manyan motoci na Amurka, Navistar, da ya nace wa EGR kaɗai dole ya sauko a 2012. Volkswagen kuwa tsohuwar dabarar 1998 ya maimaita, asirinsa ya tonu a Satumban 2015, kan motoci kusan miliyan 11.

Duk waɗannan na'urori an ƙera su ne don dizal mai ƙarancin farar wuta, kashi 10 cikin miliyan a Turai, 15 a Amurka. Motar Kwatano da ta sha man da ya wuce haka nesa ba kusa ba, ko aka juye mata man da ba mai ƙarancin toka ba, matatarta kan toshe da wuri. Toka kuwa ba ta ƙonewa komai zafi, sai an kwance matatar an wanke ta da na'ura.