Waiwaye: Yadda yaron da aka zalunta ya koma dodo a finafinan ban tsoro

Da wuya a yi wata uku ba a ji cacar baki ta tashi a kan wani sabon fim ɗin ban tsoro ba, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne. An kulle yarinya a ɗaki tana ƙarama, ko an yi wa yaro dukan kawo wuƙa, shekaru suka ja, sai ga shi ya dawo yana bin waɗanda suka cuce shi ɗaya bayan ɗaya. Masu kare irin waɗannan finafinai suna cewa ai gara a faɗa, domin abin da ake rufewa a gida ne ake bankaɗowa. Masu suka kuwa cewa suke an mai da hawayen yara haja. Akwai kuma wasu na uku da ba a cika jin muryarsu ba, wato mutanen da abin ya faru da su, waɗanda ke tambayar dalilin da ya sa kullum ake nuna su tamkar bam ɗin da ke jiran lokacin fashewa. Da yawa daga masu wannan muhawara sun ɗauka yayi ne na shekaru goman nan. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya daɗe.

A farkon sinima, abin tsoro daga waje yake zuwa: gawa mai shan jini, halittar da aka harhaɗa a ɗakin gwaji, fatalwar tsohon gida. Ko da aka fara sa yaro a matsayin mai kisa, ba a ɗora laifin a kan tarbiyya ba. A fim ɗin The Bad Seed na 1956, yarinyar 'yar shekara takwas ce mai ladabi da tsafta, a gidan da ake lallaɓa ta, amma ta gaji kisa a jini daga kakarta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ke nan. Dokokin tace finafinai na Amurka a lokacin ba su yarda mai laifi ya sha ba, don haka aka sa tsawa ta faɗo mata a ƙarshe, kowa ya koma gida hankali kwance. A 1960 aka sami finafinai biyu da suka leƙa cikin gida. Psycho ya kawo saurayi mai kisa da inuwar mahaifiyarsa ta danne, Peeping Tom na Ingila kuma ya kawo wanda mahaifinsa ya riƙa tsorata shi da gangan yana ɗaukar hotonsa da sunan bincike. Na farko ya tara kuɗi, na biyu masu sharhi suka yi masa ca har sana'ar daraktansa ta durƙushe a ƙasarsa. Duk wanda ya karanta tarihin finafinan ban tsoro ya san wannan, kuma daga nan yawanci ake tsallakawa zuwa shekarun 1970.

Abin da ake tsallakewa a tsakiyar nan shi ne ya fi komai nauyi a ganina, kuma a asibiti ya faru.

Tun 1860 wani likita a birnin Paris, Ambroise Tardieu, ya rubuta bayanin yara 32 da aka azabtar, yawancinsu a hannun iyayensu. Rubutun ya shiga kwandon mantuwa. Sai a 1946 wani likitan hoton ƙashi a Amurka, John Caffey, ya ba da rahoton jarirai shida da ke da taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai tare da karaya a dogayen ƙasusuwa, ba tare da wani labarin haɗari da zai bayyana raunin ba. Abin da ya sa hoton ƙashi ya zama shaidar da ba a iya musawa shi ne, ƙashi ba ya mantuwa. Idan ya karye ya warke, sabon ƙashi yana taruwa a wurin kamar ƙulli, kuma likita yana iya gane wanda ya yi mako biyu da wanda ya yi wata uku. Yaron da ya faɗo daga gado karaya ɗaya zai samu, ta rana ɗaya. Wanda hotonsa ya nuna karaya huɗu, kowace da shekarunta, to wani abu ne ke maimaituwa a gidan. Jariri ba ya magana, iyaye kuma za su ce faɗuwa ya yi, amma gani ya kori ji.

Duk da haka an ƙara shekara goma sha shida kafin a kira abin da sunansa. A watan Yulin 1962, wani likitan yara a Jami'ar Kolorado da ke Denver, C. Henry Kempe, shi da abokan aikinsa huɗu, suka buga maƙala a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, suka raɗa wa abin suna mai ma'anar "ciwon yaron da aka jibga". Sunan ya yi kaushi, kuma kaushin ne ya ja hankali. Sun tambayi asibitoci 71, aka ba su rahoton yara 302 a cikin shekara guda; 33 sun mutu, 85 sun sami raunin ƙwaƙwalwa na har abada. Sun tambayi lauyoyin gwamnati masu gabatar da ƙara su 77, suka ce sun ga 447 a shekara. Maƙalar ta faɗi abubuwa biyu da suka sosa wa mutane inda ke yi musu ƙaiƙayi. Na ɗaya, abin bai tsaya ga matalauta ko mashaya ba, ana samun sa a gidajen masu ilimi da rufin asiri. Na biyu, likitoci da kansu suna kawar da kai, domin zuciyarsu ba ta yarda uwa ko uba za su yi wa ɗan cikinsu haka ba. Jaridu da mujallu suka ɗauka. Kafin ƙarshen 1967 duk jihohin Amurka 50 sun yi dokar da ta shafi kai rahoton yaron da ake zargin ana cin zarafinsa, a 1974 kuma aka yi ta tarayya. A cikin shekara biyar, abin da ake kira sha'anin cikin gida ya zama maganar kotu da majalisa.

To ina ruwan fim da wannan? A cikin maƙalar ta 1962 akwai wata 'yar magana, cewa wasu daga cikin iyayen da ke dukan nan su ma an doke su suna yara. Shekara ɗaya bayan haka, a 1963, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna George Curtis ya rubuta ɗan gajeren sharhi da bai wuce shafi biyu ba, yana nuna fargabar cewa yaran da ake azabtarwa yau su ne za su iya zama masu kisan gobe. Taken da ya sa wa sharhin cewa yake tashin hankali yana haifar da tashin hankali, sannan ya ƙara kalma ɗaya da alamar tambaya: "wataƙila?" Mutumin ya san hujjarsa ba ta da yawa, shi ya sa ya yi taka-tsantsan. Amma magana in ta fita daga bakin mai ita ba ta tafiya da sharaɗinta. Ra'ayin ya bazu a jaridu da azuzuwa da hirar jama'a, "wataƙila" ɗin kuma ta faɗi a hanya ba wanda ya tsaya ya tsince ta. A 1968 aka soke tsohuwar dokar tace finafinai a Amurka, aka maye gurbinta da tsarin rarraba fim gwargwadon shekarun mai kallo. Marubutan fim suka wayi gari da sabon dalilin kisa wanda jama'a sun riga sun yarda da shi, ga kuma izinin nuna jini yadda suke so.

Carrie na 1976 shi ne inda waɗannan biyu suka haɗu sosai. Yarinya ce da mahaifiyarta ke kullewa a ɗan ƙaramin ɗaki da sunan tsarkake ta, 'yan ajinsu kuma suna yi mata dariya, har daren da aka zuba mata jinin alade a gaban taro ta halaka kusan kowa. Sabon abu a nan shi ne wurin da aka zaunar da mai kallo. Da can kana tsoron dodo ne kana fatan a kashe shi. Yanzu ka yi fiye da awa ɗaya kana jin zafin yarinyar, har lokacin da ta rufe ƙofofin zauren wani ɓangare na zuciyarka yana cewa Allah ya ƙara. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma fim ɗin ya sa ka ɗanɗani daɗinta kafin ka tuna cewa malamar da ta yi ƙoƙarin taimakonta ma tana cikin gawarwakin.

Daga nan abin ya zama kamar awo. Finafinan yankan mutane na shekarun 1980 suna buɗewa da wani abu da ya faru da yaro, a rubuta "bayan shekara kaza", sai a fara ƙirga gawa. Wani na 1984 ya nuna yaron da aka kashe iyayensa a gabansa, aka kai shi gidan marayu inda ake zane shi da bel, ya girma ya zama mai kisa sanye da tufafin Baban Kirsimeti. Iyaye sun yi zanga-zanga a ƙofar gidajen sinima har aka janye fim ɗin. Tufafin ne ya fusata su. Dukan marayan bai tada ƙura ba.

A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa ciwon firgicin bayan tashin hankali a kundinsu na cututtuka, galibi saboda halin da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka shiga. Babbar alamarsa ita ce abin da ya wuce ya riƙa faɗo wa mutum kamar yanzu yake faruwa. Sinima kuwa tuni tana da dabarar yanke labari a koma baya, sai abin ya zo mata kamar an auna. Salon ya ƙetare teku. Japan ta ba da yarinyar da aka jefa rijiya a Ringu na 1998, Faransa ta ba da Martyrs a 2008, inda yarinyar da ta tsere daga hannun masu azabtar da ita ta dawo bayan shekara 15 da bindiga.

Tambayar da Curtis ya bari a buɗe an amsa ta, sai dai amsar ba ta yi farin jini ba. A 1989 wata mai bincike, Cathy Spatz Widom, ta buga sakamakon bin diddigin yara 908 da kotu ta tabbatar an ci zarafinsu ko an yi watsi da su tsakanin 1967 da 1971, ta kwatanta su da wasu 667 masu irin shekarunsu da yanayinsu. Waɗanda aka kama da laifin tashin hankali a cikin rukunin farko kashi 11 ne cikin ɗari, a na biyu kashi 8. Bambancin gaskiya ne, ba a raina shi. Amma ma'anarsa ita ce, kusan tara cikin kowane goma na yaran nan ba a taɓa kama su da irin wannan laifi ba. Ciwon yakan koma ciki ne. Wani babban bincike da aka buga a 1998 a kan manya sama da 9,500 a birnin San Diego ya danganta wahalar ƙuruciya da baƙin ciki mai tsanani, da shaye-shaye, da yunƙurin kashe kai, har da ciwon zuciya da na hanta bayan shekaru da dama. Mutumin da ke kwana ido biyu, yana firgita in an ɗaga murya, yana kasa riƙe aure ko aiki, ba zai cika gidan sinima ba.

Ban ga amfanin neman wanda za a tsire a nan ba, domin abin da muke saye shi ake kawo mana. Labarin ramuwa yana da wani sauƙi da yake ba mai kallo: akwai azzalumi ɗaya, akwai wanda aka zalunta ɗaya, kuma su biyun za su gama da juna kafin a kunna fitila. Maƙwabcin da ya ji kuka ta katanga ya ƙara sautin rediyo, da gwaggon da ta ga tabo ta ce a rufa wa zuri'a asiri, da malamin da ya lura yarinya ta daina magana, waɗannan ba su cika samun gurbi a labarin ba, alhali irin halinsu ne maƙalar 1962 ta nuna da yatsa lokacin da ta yi maganar likitocin da ke kawar da kai. Finafinan shekarun baya-bayan nan sun rage wuƙa sun ƙara kuka, wasunsu ma sun yi kyau ƙwarai, amma ƙashin bayan labarin yana nan: wanda aka cuta shi ne abin tsoro.

Shari'ar da aka fi ambata a matsayin mafarin kare yara a Amurka ita ce ta Mary Ellen Wilson, wadda aka fito da ita daga wani gida a New York a 1874, jikinta duk shatar bulala, da yankan almakashi a fuska. Shari'arta ce ta sa aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta birnin. Ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya mata biyu da suka zama malaman makaranta, ta sa wa ɗaya sunan matar da ta cece ta, ta kuma riƙi wata marainiya. Ta rasu tana da shekara 92, a 1956, shekarar da ake layin sayen tikitin kallon yarinyar da tsawa ta faɗo wa.