Ciwon Dunduniya da Ya Ƙi Jin Magani: Yaushe Ake Kaiwa ga Tiyata?

Me ya sa dunduniya ta fi ciwo a takun farko da safe?

A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da tauri, wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu har gindin yatsu. Ƙasusuwan ƙafa a lanƙwashe suke kamar baka, ita ce tsirkiyar da ke riƙe da su. Duk lokacin da dunduniya ta ɗaga, yatsu suka lanƙwashe sama, sai ta ɗame. Inda ta manne da ƙashi ta ɓangaren ciki nan ne ta fi shan ja, kuma nan ne take fara tsattsagewa kaɗan-kaɗan idan nauyin da ake ɗora mata ya fi ƙarfinta. Likitoci na kiran wannan ciwo filanta fashiyaitis.

Mai barci ƙafarsa saki take yi, yatsu su sunkuya, jijiyar ta kwana a takure. Takun farko sai ya miƙe ta lokaci ɗaya. Bayan 'yan mintuna ta sassauta, sannan ciwon ya dawo da yamma, ko bayan dogon zama. Kusan mutum ɗaya cikin goma kan gamu da shi a rayuwa, galibi tsakanin shekara 40 zuwa 60. Ƙiba, tsayuwar yini a kan daɓe mai tauri, ƙara nisan gudu farat ɗaya da taurin naman sha-raɓa su ne kan gaba wajen jawo shi. Idan ya daɗe, abin da ake tararwa a jijiyar lalacewar zaruruwanta ne da kauri fiye da kumburi, shi ya sa ƙwayoyin kashe kumburi ke rage zafi amma ba sa kawar da ciwon.

Hoto ya nuna tsiron ƙashi a dunduniyata. Ba shi ne ke soka ta ba?

A'a. Tsiron a kwance yake, yana kallon yatsu, ba ƙasa yake kallo ba. Mutane da yawa na yawo da shi ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma ciwon ya ishe su amma hotonsu tas. Masu tsiron suna warkewa yana nan daram. Saboda haka ba a yin tiyata don a cire shi kawai.

Hoton da ya fi amfani shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Jijiya lafiyayya ba ta cika wuce milimita 4 a kauri ba, idan ta wuce kuma ciwon na daidai wurin, magana ta fito fili.

Na yi watanni ina fama. Me ake nufi da "an gwada komai" kafin a yi maganar tiyata?

A nan gizo ke saƙar. Kusan tara cikin goma na masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin wata 10 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba. Amma da yawa cikin masu cewa sun gwada komai, idan aka bi diddigi, sun sha ƙwaya, sun sauya takalmi, sun yi miƙa ta mako biyu suka bari. Wannan ba gwaji ba ne. Ga abin da ake nufi.

Na farko, miƙa jijiyar kanta. Ka zauna, ka ɗora ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar, ka kama yatsun ka ja su baya wajen ƙwauri har ka ji jijiyar ta ɗame a ƙarƙashin ɗan yatsan hannunka. Ka riƙe daƙiƙa 10, ka maimaita sau 10, sau uku a rana. Zagayen farko kafin ƙafa ta taɓa ƙasa da safe ake yinsa, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

Na biyu, miƙa sha-raɓa. Ka dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa, yatsu na kallon bango sosai. Daƙiƙa 30, sau uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ƙafar ta karkace waje, sai tafin ya baje, sha-raɓar kuma ba ta miƙu ba.

Na uku, ƙarfafawa. Ka tsaya a bakin matakala, ka naɗe tawul ka sa a ƙarƙashin yatsu don su ɗaga, ka ɗaga dunduniya a hankali cikin daƙiƙa uku, ka tsaya biyu a sama, ka sauko cikin uku. Sau 12, zagaye uku, ana yi yau a huta gobe. A fara da ƙafa biyu, a koma ɗaya, daga baya a ƙara nauyi da jakar goyo. Wata uku ake ba shi kafin a yanke masa hukunci.

Sai sauran: daina tafiya ba takalmi a daɓe mai tauri ko da cikin ɗaki ne, takalmi mai ɗan tudun dunduniya da matashi mai laushi a ciki, ɗaurin filasta a tafin ƙafa ga mai tsayuwar dole, takalmin dare da ke hana ƙafa sunkuyawa yayin barci, da rage nauyin jiki ga mai ƙiba. Matashin takalmi na kanti kan yi aiki kusan daidai da wanda aka auna wa mutum, don haka da shi ake farawa. Ibufurofen da danginsa na 'yan makonni ne kawai, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kuma ya nisance su sai da izinin likita.

Idan duk wannan bai yi ba, akwai na'urar da ke buga wurin da igiyar sauti mai ƙarfi daga waje, ba yanka ba allura. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan ciwo a shekarar 2000. Akan yi zama uku zuwa biyar, mako-mako, sauƙin kuma a hankali yake zuwa cikin watanni biyu zuwa uku.

Allurar sitirod, mai kashe kumburi, fa? An ce nan take take kashe ciwon.

Tana kashewa, amma amfaninta bai cika wuce wata ɗaya zuwa biyu ba. Gara a ɗauke ta a matsayin sarari da za a samu a yi atisaye. Maimaita ta na da haɗari biyu: jijiyar na iya tsinkewa, kitsen da ke ƙarƙashin dunduniya kuma na iya shanyewa. Na biyun ya fi muni, domin kitsen ba ya dawowa, mutum ya koma yana taka ƙashi. Likita mai lura ba ya wuce allura biyu ko uku a dunduniya ɗaya, da tazarar watanni.

To yaushe tiyata ta zama abin dubawa?

Idan an yi aƙalla wata shida, yawanci shekara guda, ana magani na gaskiya, ciwon kuma na hana aiki ko tafiya. Sai sharaɗi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi: a tabbatar jijiyar ce ke ciwo. Wasu cututtuka na shigar kamarta, kuma yanka jijiya ba zai taɓa su ba.

Idan zafin raɗaɗi ne kamar wuta, ko akwai mutuwar fata, wato wurin ya daina jin taɓawa, ko yana tashi da dare mutum na kwance, to a binciki jijiyoyin ji da ke ratsa gefen idon sawu da ƙarƙashin dunduniya, wataƙila wata ce ta matse. Idan aka matsa ƙashin dunduniya ta gefe biyu ya yi zafi, kuma ciwon na ƙaruwa da tafiya maimakon ya saki, tsagewar ƙashi ake zargi, hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ke nuna ta. Ciwo a tsakiyar dunduniya ga tsoho, mai tsananta idan ba takalmi, alamar ƙarewar kitse ce. Matashi mai ciwon dunduniya biyu tare da ƙagewar baya da safe, likitan amosanin gaɓɓai yake buƙata, ba likitan tiyata ba. Ciwon ma na iya gangarowa daga jijiyar ji da ta matse a ƙugu.

Me ake yi a tiyatar?

Iri biyu ne, kuma ba wuri ɗaya ake yanka ba.

Na farko, sassauta jijiyar tafin ƙafa. Ana yanke wani sashe nata ta ɓangaren ciki kusa da ƙashi, kashi ɗaya cikin uku zuwa abin da bai wuce rabi ba, a bar sauran. Giɓin na cikewa da tabo, jijiyar ta ɗan ƙara tsawo, jan ya ragu. Ana iya yi ta yanka na 'yan santimita a gefen dunduniya, ko ta ƙananan huji da kyamara, hanyar da ta fito a farkon shekarun 1990. Huji ya fi saurin warkewa, amma idan akwai jijiyar ji da za a kwance, buɗewa ta fi, don likita ya gan ta da idonsa. Aikin bai cika kai awa ɗaya ba, ana sallama a ranar.

Na biyu, tsawaita naman sha-raɓa. Da farko likita zai yi gwaji: zai tura ƙafarka sama gwiwa a miƙe, sannan ya sake gwiwa a lanƙwashe. Idan gwiwa na miƙe ɗagawar ƙafar ba ta kai digiri 10 ba, da aka lanƙwasa gwiwar kuma ta wuce, to babban naman sha-raɓa ne ya takure yake jan dunduniya. Sai a yi ɗan yanka a bayan gwiwa ko tsakiyar sha-raɓa a sassauta fatar da ta lulluɓe naman. Ba a taɓa tafin ƙafa sam. Ga wanda gwajin ya nuna masa wannan tauri, wannan hanya ta fi ma'ana, domin tana rage jan ba tare da an raunana abin da ke riƙe da ƙafa ba.

Me zai iya lalacewa?

Babban haɗarin hanya ta farko shi ne yanka ya yi yawa. Idan aka wuce rabi, lanƙwasar ƙafa na sauka, nauyi ya koma kan ƙananan gaɓoɓin gefen waje, sai sabon ciwo ya ɓullo a can ko a saman ƙafa. An gudu ba a tsira ba, kuma jijiyar da aka yanke ba ta ɗinkuwa ta koma yadda take. Akwai kuma raunin ƙananan jijiyoyin ji, wanda ke barin mutuwar fata ko zugi, da tabo mai ciwo, da shigar ƙwayoyin cuta, da daskarewar jini a sha-raɓa. Wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, ƙafar kan kama wani ciwo mai tsanani da kumburi da sauyin launi wanda ya zarce girman aikin da aka yi.

A tiyatar sha-raɓa, abin tsoro shi ne jijiyar ji da ke bin bayan ƙafa zuwa gefen waje, da raunin ɗaga dunduniya na wasu watanni. Mai shan taba, mai ciwon suga da bai daidaita ba, da wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, rauninsu na jinkirin warkewa. Waɗannan ake fara gyarawa.

Mutum nawa ke warkewa?

Yawancin rahotanni na nuna bakwai zuwa tara cikin goma sun samu sauƙi. Sai dai sauƙi daban, rabuwa da ciwo daban. A wani bincike da aka buga a 1999, kusan kashi uku cikin huɗu na dunduniyoyin da aka yi wa aiki sun daina ciwo ko ya ragu sosai, amma waɗanda suka ce sun gamsu ɗari bisa ɗari ba su kai rabi ba. Galibin alƙaluman ma daga bin marasa lafiyar likita ɗaya suka fito, ba daga kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Kafin ka sa hannu, ka tambayi likitan kashi nawa na jijiyar zai yanke, ko ya gwada sha-raɓarka, da abin da za a yi idan ciwon bai tafi ba.

Yaya jinyar take?

Kwanakin farko ƙafa a ɗage sama da ƙirji, rauni a bushe. Ana cire ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14. Wanda aka buɗe wa yakan yi mako biyu zuwa uku da babban takalmin asibiti da sanduna, wanda aka yi wa huji kan fara takawa da wuri. Komawa takalmi na yau da kullum mako uku zuwa shida ne, da matashi mai tallafe tsakiyar ƙafa. Mai aikin zaune na iya komawa cikin mako biyu, mai aikin tsaye ya ware wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Gudu da tsalle sai bayan wata uku, sakamakon ƙarshe kuma kan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya bayyana. Miƙa sha-raɓa ba ta ƙarewa da tiyata.

Zazzaɓi, ruwa ko ƙwarya-ƙwaryar mugunya daga rauni, ja mai bazuwa, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, duk na komawa asibiti ne a ranar. Ƙarancin numfashi ko ciwon ƙirji kuwa na gaggawa ne, domin gudan jini na iya tafiya huhu.